Daren da na ɗaure wa kura karena

Da hannuna na ɗaure shi, abin da har yau na kasa haɗiyewa ke nan. Na samo sarƙa mai kauri, na kafa turke a bakin garken awaki ta waje, na ɗaure karena Barsu a wurin ina ganin na yi dabara: duk abin da zai zo wa awakin sai ya bi ta kansa tukuna. Haka kuwa aka yi, ta kansa aka bi.

Wajen ƙarfe biyun dare na ji haushinsa, wani siririn haushi mai katsewa wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Kafin in lalubo tocila in zare sakatar ƙofa ya yi shiru. Ba zan faɗi duk abin da na tarar ba. Turke yana nan, sarƙa tana nan da tsinkakken abin wuya a bakinta, sawun kura ya zagaye wurin, ga alamar ja a ƙasa har cikin ciyawa. Awaki ko ɗaya ba a taɓa ba. Me zai sa ta wahalar da kanta da shingen ƙaya, ga nama an ɗaure mata a fili?

Da gari ya waye dattijon da ke maƙwabtaka da mu, wanda kowa ke kira Baba, ya zo ya tsaya ya dubi turken, ya dubi sarƙar. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Ɗana, ai ba gadi ka sa shi ba, ajiya ka ba ta." Na ce, "To Baba ya zan yi? In na sake shi daji yake shiga." Ya ce, "Sakakken kare yana da ƙafa. Wanda aka kulle yana da bango. Kai ka hana shi duka biyun."

Shekara 11 ke nan ina zaune a inda gidaje suka ƙare daji ya fara, inda zuwa asibiti da damina kan cinye rabin yini, in ma rafi ya bar ka ka ƙetare. A wuri irin wannan kare shi ne kunnenka da hancinka. Yana jin abin da ke tafe kai kana ta sharar barci. Kuskuren da na yi, wanda kuma nake gani wajen mutane da yawa, shi ne ɗaukar mai tsegumi a matsayin mayaƙi. Barsu bai wuce kilo 18 ba. Kura babba takan kai kilo 60, wata ma ta zarce, kuma muƙamuƙinta fasa ƙashin saniya yake yi. Da ake cewa kare ka mutu da haushin kura, masu maganar sun daɗe da yi mana lissafin nan, mu ne ba mu saurara ba.

Na daɗe ina zaton warin kare kaɗai kan kori naman daji daga gida. Ashe ga wasu manyan dabbobin kiran kasuwa ne. A ƙasar Indiya, a jihar Maharashtra, masu bincike sun bi kashin damisa a wani yankin gonaki suna duba abin da take ci. Sakamakon da suka fitar a 2014 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na naman da take rayuwa a kai kare ne. Can ma a birnin Mumbai, damisoshin gandun dajin Sanjay Gandhi karnukan unguwannin da ke gefe suke sauka su ɗauka cikin dare. Ke nan karen da ke kwana a fili ba ya hana damisa zuwa, yana iya zama shi ne dalilin zuwanta. In ta saba da hanyar kuma, ba ranar da za ta tambaya ko abin da ya fito fitsari da asuba kare ne ko yaro.

Saura kare ɗaya gare ni a lokacin, Duna, baƙi wuluk, ɗan wata tara. Shi na yi wa ɗaki a cikin gida, daf da tagar ɗakin da nake kwana. Gini ne na ƙasa mai kauri, na zuba duwatsu a gindinsa saboda masu tono, na yi ƙofar katako, na bar kafofi biyu a sama na rufe su da ragar waya domin iska ta shiga, wari da motsi su iso masa. Na rufe samansa da kwano na danne. Rufin nan Baba ne ya nace a kai, ya ce kura ta ƙasa take bi amma damisa ta sama take zuwa, bangon da ya kai ƙirjin mutum tsallake ɗaya ne a wurinta. Da farko Duna ya yi ta kuka da kartar ƙofa, har na kusa karaya. Mako biyu ya saba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne gadinsa bai ragu da komai ba. Yana ji, yana haushi, ina tashi. Bambancin kawai shi ne yanzu in na fito ina samunsa da rai.

Sauran gyaran ba abin burgewa ba ne, aikin shebur ne. Juji ya bar bayan gida ya koma nesa. Akuya in ta haihu, mabiyiya rami mai zurfi take shiga a ɗora dutse. Mushe ba a jefar da shi bakin daji a ce ai dare zai share, domin daren da ya share yau gobe zai dawo neman ƙari. Kwanon Duna ana ɗauke shi kafin duhu. Na kuma kai shi an fiɗiye shi, don abin da ke fitar da namijin kare cikin dare ya bi ta daji har wani ƙauyen, yawanci neman karya ne, kuma a irin wannan tafiyar ake rasa su.

Sai fitila. Akwai wani yaro Bamasaye a Kenya, Richard Turere, da ke kiwon shanun gidansu a gefen gandun dajin Nairobi. Ya lura zakuna ba sa kusantar garke in mutum na yawo da tocila, sai ya haɗa ƙananan ƙwayayen fitila da batirin mota da sola, suna kunnuwa suna mutuwa bi da bi kamar mai gadi ne ke zagaye. Bai kai shekara 15 ba lokacin. Ni nawa bai kai nasa fasaha ba, fitilun sola biyu ne masu kunna kansu in sun ji motsi, kuma nakan sauya musu wuri duk bayan 'yan makonni, saboda kura ba wawuya ba ce kamar yadda tatsuniya ta mai da ita. In ta gane hasken ba mai sanda a bayansa, wucewa za ta yi ta ƙarƙashinsa.

Nakan ji masu cewa ai sai a nemo manyan karnuka irin na Turkiyya. Gaskiya ne suna aiki. A Namibiya tun 1994 wata ƙungiya da ke kare rabbi, dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowa gudu, take raba wa makiyaya irin waɗannan karnukan. Amma a duba yadda ake yi: tun yana ɗan kwikwiyo ake sa shi cikin garken ya tashi tare da tumaki ko awaki, kuma aikinsa ya tsaya tsakaninsu da abin da ya zo ya yi ta haushi, ba ya bi shi cikin daji ba. Makiyayan Turkiyya da na Sifen ma da suka gaji abin, sukan sa wa karnukansu abin wuya mai tsinin ƙarfe saboda kyarkeci maƙogwaro yake nema. Wato su kansu masu ƙattin karnukan ba su yarda girma kaɗai ya isa ba. Wanda ba zai iya ƙosar da kare mai kilo 50 ba, gara ya gina wa ɗan nasa bango.

Duk wannan maganar tsare kare ce. Tsare mai karen ya fi wuya, don shi abokin gabansa zuciyarsa ce.

Bayan kamar shekara biyu da rashin Barsu, wata rana da la'asar sakaliya, dila ya shigo mana har tsakar gida. Duk wanda ya san dila ya san ba ya haka. Dabba ce da ko inuwarka ta hango ta ɓace. Wannan kuwa tafe yake yana tangaɗi, baki a sake, miyau na dalala, ko kallon mutane ba ya yi. Ɗana ƙarami yana wasa bai fi taku goma daga wurin ba. Duna ya daka tsalle ya tare shi, suka sarƙe. Ni kuma, da dukan shekaruna da abin da nake ganin na sani, na ruga na cusa hannu na damƙi wuyan Duna ina ja. Na ji zafi a gindin babban yatsana. Har yau ban san haƙorin wanne daga cikinsu ne ba.

Maƙwabta suka zo da sanduna suka gama da dilan. Ni ina duba jikin Duna, ban ma damu da hannuna ba, don raunin ɗan ƙarami ne, huda biyu da ɗan karce. Maiɗakina ce ta fizgo ni zuwa bakin randa. Ta taɓa ji a rediyo cewa a wanke cizo da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, sai ta ajiye waya a gefe tana duba agogo, tana zuba ruwa da buta tana cuɗa sabulu. Minti 15 a baki ba komai ba ne. Ka gwada tsayawa ana cuɗa maka ɗanyen rauni ka gani. A minti na biyar na ce ya isa, ta ce, "Maigida, yau kam ba za ka yi mini gardama ba." Daga baya ma'aikacin lafiya ya ce mini wannan wankin shi ne rabin aikin, domin sabulu yana lalata ƙwayar ciwon haukan kare tun tana bakin rauni.

Ciwon haukan kare ba ya gaggawa, shi ya sa yake yaudarar mutane. Ƙwayar tana shiga ta miyau, ta kama jijiya, ta yi ta hawa a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci wata biyu zuwa uku take ɗauka, wani lokacin mako ɗaya, wani lokacin har shekara. Cizon da ke kusa da kai, kamar a fuska ko wuya, ya fi saurin kaiwa. Rauni zai warke, mutum ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, zazzaɓi, firgita, tsoron ruwa har mutum ya kasa haɗiyar kurɓi ɗaya alhali ƙishi na kashe shi, to an makara, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare suke kamuwa. A nan abin yake ɗaure kai. Ba kowa ne dila zai ciza ba, amma dila zai ciji karenka, karenka kuma shi ke lasar hannun 'ya'yanka.

Da asuba aka goya ni a babur. Ɗakin shan maganin da ya fi kusa da mu ba su da allurar, suka ce firjinsu ya daɗe ba wuta, ba za su ajiye abin da zai lalace ba. Ban ga laifin matar da ta faɗa mini ba, ita ma abin ya dame ta. Muka nausa gaba, sai bayan azahar muka samu. Aka yi mini ta farko a ranar, aka ce in dawo rana ta uku da ta bakwai, da wata a gaba. Akwai kuma wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin kansa in haƙori ya huda fata, ita ce ke tare cutar kafin rigakafin ya fara aiki. Ba su ɗinke wurin ba, suka ce irin wannan raunin ba a saurin rufe shi. Ina zaune a benci ina jiran layi na tuna cewa tun watan Yulin 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wannan rigakafin a Faransa, yaron ya rayu. Sama da shekara 130, amma abin da ke tsakanin mutum da ransa har yanzu firji ne da hanyar mota. Wannan ba ƙarancin ilimi ba ne, rashin kula da mutanen nesa ne, kuma ban san wani suna mai laushi da zan sa masa ba.

Duna kuwa sa'a ya ci. Wata bakwai kafin nan masu allurar dabbobi sun zo zagaye, na kusa ƙin kai shi saboda ranar ina da aiki a gona. Da malamin dabbobi ya ga takardar, sai ya ƙara masa wata allurar nan take, ya ce a tsare shi kwana 45 ana lura da shi. Ya ce da ba a taɓa yi masa ba, da wata maganar muke yi, kuma na gane wace magana ce. Ya yi mana faɗa a kan abu biyu. Na farko, mun wanke wa Duna jiki da hannu tsirara alhali miyan dilan na jikin gashinsa, ya ce ko leda ce a ɗaura a hannu. Na biyu, mun binne dilan, alhali da an kira su sun ɗauki kan sun kai ɗakin gwaji da an tabbatar. Ya kuma faɗa mini abin da ban taɓa ji ba: ba kowane mahaukacin kare ne ke hauka ba. Wani shiru zai yi, muƙamuƙi ya saki, miyau na zuba, ya zama kamar ƙashi ne ya maƙale masa a wuya. Mai shi don tausayi sai ya zura hannu zai ciro ƙashin.

Tun daga ranar na kafa doka ɗaya a gidana. Duk yaron da kare ko kyanwa ko wata dabba ta ciza ko ta karta, in ya faɗa ba mai dukansa, ko da shi ya tsokano. Wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi da cutar ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma na san dalili ɗaya da ba ya cikin lissafi: yaro yana ɓoye ciwo don tsoron bulala. Na kuma zama mai bin gida gida in an ce masu allura na tafe. An ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar kan rasa hanyar yawo. Allurar karena kaɗai ba za ta tsare ɗana daga karen maƙwabci ba.

Hanyar nan ma ba gefe ɗaya take bi ba. A 1994 wata cutar karnuka mai sa majina da farfaɗiya ta kashe zakuna wajen 1,000 a yankin Serengeti na Tanzaniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin, kuma karnukan ƙauyukan gefe aka fi zargi. A tsaunukan Bale na Habasha, jan kyarkecin da babu shi ko'ina a duniya sai ƙasar, ciwon hauka daga karnukan makiyaya ya sha yi masa kisan kiyashi. Ba na cikin masu kuka don kura, ta ci mini kare. Amma na fahimci sakakken kare mai yawo shi ne gadar da cuta ke bi ta shiga daji, ta kuma biyo ta dawo.

Shi ya sa yanzu in za mu shiga daji Duna a igiya yake, ko kuma a gefena inda kira ɗaya zai dawo da shi. Na ɓata watanni ina koya masa amsa kira, ya fi duk wata bajinta da zai nuna mini amfani. Kare sakakke yakan yi gaba ya tono rigima, in ya ga ta fi ƙarfinsa ya juyo da gudu, kuma wurin wa zai nufa? A Kanada da Amurka masu nazarin hare-haren baƙar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, sun lura kimanin rabin waɗanda suka bincika da kare a ciki, sau da yawa karen ne ya tsokano ya rugo wajen mai shi da dabbar a bayansa. Mu ba mu da beyar, amma na ga yadda gadu ya biyo wani kare har tsakanin ƙafafun mai shi, haurensa ya yage masa ƙwauri. In faɗa ya riga ya sarƙe, ihu, buga kwano, watsa bokitin ruwa, doguwar sanda daga nesa. Hannu dai a'a. Ina faɗa ne da tabo a yatsa.

Maciji shi ne wanda bango ba ya hanawa. Kare da hanci yake bincike, don haka a fuska ko ƙafar gaba yake shan sara. Kasa ba ta gudu, kwanciya take ta saje da busasshen ganye har sai an taka ta, kuma sarinta kumburi yake sawa mai ban tsoro. Abu na farko in a fuska ko wuya ne, a cire abin wuyan kafin kumburin ya shaƙe shi. A ɗauke shi a hannu ko a buhu, kada a bar shi ya yi gudu, don motsi ke yaɗa dafi. Kare mai jin zafi yana cizon mai shi, a yi hankali, amma kuma in numfashi na yi masa wuya kada a sa masa takunkumi. Kububuwa ƙarama ce amma ita ce mai hana jini daskarewa, sai a ga dasashi na zubar jini bayan sa'o'i, mutum ko kare. Shi ya sa ba a shan asfirin da ire-irensa bayan sara, su ma tsinka jini suke. Kare kam ma kada a ba shi maganin ciwon jikin mutane ko kaɗan, wasunsu guba ne a cikinsa.

Abin da hankali ke raya wa mutum a wannan lokacin kusan duk kuskure ne: ɗaure ƙafa tamau da igiya, tsagawa da reza, tsotsa da baki, manna baƙin dutse. Ɗaurin nan shi ke sa a yanke ƙafar da da ta warke. Abin da ke kashe dafi allurar dafin ce, ita kuma tana asibiti, saboda haka duk mintin da aka ɓata a tsakar gida daga tafiyar aka cire shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin mutum 81,000 da 138,000 saran maciji ke kashewa a shekara, sai a 2017 ta mai da shi jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ban yi mamaki ba, ciwon mai zuwa gona ne. Kada kuma a tsaya farautar macijin don a kai shaida, hoto daga nesa ya wadatar. Yankakken kan maciji ma yana iya sara bayan an kashe shi, kada a bar kare ya yi wasa da shi.

Duna ya taɓa karo da macijiya mai tofi a bayan rumbu. Daga tazarar kamar mita biyu ta watsa masa a ido, ya dawo yana kuka yana murza fuska a ƙasa. Wannan kam maganinsa na farko yana gida: ruwa mai tsabta, da yawa, a buɗe idon a yi ta kwarara. Na danne shi tsakanin gwiwoyina, maiɗakina na zubawa, har muka ƙarar da bokiti biyu. Kwana uku idon na ja, malamin dabbobi ya ba da na ɗigawa, ya warke. Bayan nan na yanke ciyawar da ke kewaye da gida, na ɗaga tarin itace daga ƙasa, na toshe ramukan ɓera. Maciji ɓera yake bi, ɓera kuma hatsin da ya zube yake bi.

Bakin ruwa ba sai na ja magana ba. A jihar Kwinsland ta Ostareliya hukuma kan gargaɗi mutane su tsaya aƙalla mita 5 daga gaɓa, su kuma hana karnuka zuwa bakin ruwa, domin kada yana lura da abin da ke zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Ni ɗebo wa Duna nake in ba shi a tudu. Beguwa kuma ba ta harba ƙaya kamar yadda ake faɗa, da baya take rugowa ta soke kare. Ƙayar da ta shiga ƙirji ko kusa da ido ba ta cirewar gida ba ce.

Bayan rashin Barsu wani ya kawo mini shawarar in zuba guba a mushe in ajiye wa kurar. Na kusa yi, don raina a ɓace yake. Baba ne ya hana, ya ce, "Ɗana, guba ba ta san sunan wanda ka aike ta gare shi ba." Mushen da aka sa wa guba, karnukan gari ne ke riga kura isa wurin, sai ungulu. A Botswana a 2019 an tsinci gawar ungulu 537 a wuri guda, bayan sun ci giwayen da mafarauta suka sa wa guba. Indiya kuma ta ga abin da ke biyo baya, da wani maganin shanu ya kusa ƙarar da ungulayenta kafin a hana shi a 2006: mushe ya rasa mai sharewa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita a kansa, cizo ya ƙaru. Da na kashe ungulayen da ke share mana daji, da na ƙara wa kurar abinci ne a kusa da gidana.

Duna ya fara furfura a baki yanzu. Rufe ɗakinsa da magariba aikin 'yata ce babba, kuma a jikin ƙofar da gawayi muke rubuta watan da za a sake yi masa allura, in ruwa ya wanke mu sake rubutawa. Shekaranjiya cikin dare ya tashe ni da haushi. Na haska ta taga, can bayan garke idanu biyu suka yi ƙyalli, suka tsaya jim, suka juya. Da safe na je na duba. Sawunta ya zo har gindin tsohon turken, wanda har yau ban tuge ba, ta sansana, ta wuce.